Ranar Da Na Kori Baƙin Surukina Da Gahawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba. Ko na so in manta, surukina ba zai bari ba.

A lokacin shekarata uku a Jidda, ina aikin lodi a wani sito a unguwar masana'antu. Matata Hadiza haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo aikin hajji suka zauna. Mahaifinta, Baba Abdulƙadir, mutumin kirki ne, sai dai tun ranar da na nemi 'yarsa yake kirana "baƙonmu". Da wasa yake faɗa, amma kalmar tana ci mini rai. Sai na ƙudura cewa ranar suna zan nuna masa na zama ɗan gari.

Aka kama istiraha, wato gidan da ake haya don taro, aka sa walima bayan sallar Juma'a. Baba ya gayyaci dattawan da suka tsufa tare suna cinikin yadi a Bab Makka. Ni kuma na karɓi ɓangaren abin sha. Na je wurin masu ba da hayar arabiyya, wata kanta mai taya da ake turowa wurin biki, da firji da injin markaɗe da butocin gahawa. Mai wurin mutumin Chadi ne, Hausarsa tas.

"Iri biyu ne, ɗan'uwa," in ji shi. "Ko ka ɗauki arabiyya zalla, ka kawo kayanka ka zuba wa mutanenka da kanka, ko mu haɗa maka da komai, har da gahawaji biyu."

"Gahawaji kuma na me?"

"Masu zuba gahawa."

Na yi dariya har da dukan cinya. Na ce masa ni da yake gani shekara huɗu na yi ina teburin shayi a Fagge, ina sallamar mutum goma ba tare da ɗigo ya taɓa tebur ba. A ce sai an ɗauko mini wani ya zuba ruwan zafi a kofi?

Ya dube ni. "Dattawa za su zo?"

"Cike da ɗaki."

"To ka ɗauki gahawaji."

"Halas," na ce masa (wato shi ke nan, kalmar da na fi iyawa a Larabci), "arabiyya zalla."

Da na koma gida Hadiza ta so ta cece ni. Ta kira ni da sunan da za a raɗa wa jaririn, ta ce, "Abu Sulaiman, gahawa fa ba shayi ba ce, akwai yadda ake..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Hajiya, ke ki ji da jego, ki bar wa masu sana'a sana'arsu." Allah ya yafe mini wannan magana. Ita dai ta yafe, amma takan tuna mini.

Na sayo zoɓo da aya da citta, na haɗa zoɓo da kunun aya da hannuna. Gahawar kuwa gwaggon Hadiza ce ta dafa, ta ji kayan ƙamshi yadda ya kamata. Na faɗi haka ne don a san gahawa ba ta da laifi.

Ranar Juma'a na sha farar jallabiya na tsaya bayan arabiyya kamar ni na ƙera ta. Baba yana can bakin ƙofa yana tarbar baƙi, mata suna nasu ɓangaren, babu wanda zai kwaɓe ni. Na ɗauki finjali, ɗan ƙaramin kofin nan mara mariƙi. Na sha gani a gidajen mutane ana ɗiga gahawa 'yar kaɗan a gindinsa, kuma a raina kullum cewa nake rowa ce. Na ce ba dai a sunan ɗana ba. Na ɗaga buta sama irin na masu shayi, na tsiyayo, na cika kowane finjali fal har baki.

Na fara da babban aminin Baba, wani tsoho da ake kira Ammi Salih. Ya karɓa yana sauya yatsu don zafi, ya dube ni, ya dubi finjalin, ya daure ya shanye. Sai ya miƙo mini yana ɗan girgiza shi. Na ce a raina, ka ga wanda ya san daɗi, ƙari yake nema. Na sake cikawa. Ya shanye da ƙyar, ya girgiza finjalin da ƙarfi. Na ce, "Ammi, kada ka ji kunya, akwai ta da yawa!" Na cika na uku.

Ɗakin ya yi tsit. (Ni a lokacin na ɗauka ƙwarewata suke kallo.) Ammi Salih ya ajiye finjalin, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗaga murya wajen ƙofa.

"Ya Abdulƙadir, Allah ya raya. Tunda an sallame mu, bari mu kama hanya."

Sai ga dattawa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna laluben takalma, alhali ko farantin shinkafa ɗaya ba a shigo da shi ba. Baba ya shigo da sauri yana dogara sanda. Ya ga finjalai cike, ya juyo.

"Ya waladi, wa ya zuba wannan?"

"Ni ne, Baba," na faɗa da alfahari. "Ba gahawaji, ba kowa."

Ya jawo ni kusa ya yi ƙasa da murya. Ya ce a garin nan idan ka zuba wa baƙo kaɗan, kana ce masa zauna, ina tsaye a kanka, zan yi ta dawowa. Idan ka cika masa, ka ce masa sha ka tafi, ba ni da lokacinka. Girgiza finjali kuwa, ya ishe ni ke nan.

"Sau uku ka kori Salih," in ji shi. "Riƙe mini sanda."

Haka na tsaya riƙe da sandar surukina, shi kuma tsoho ya ɗauki buta ya tari amininsa a bakin ƙofa, ya ɗiga masa 'yar kaɗan ya miƙa da hannun dama.

Ammi Salih ya nuna ni da haɓa. "Wannan surukin naka daga ina?"

Ban jira Baba ba, na durƙusa. "Daga Kano, Ammi. Mai shayi ne ni a da. A wurinmu wanda bai cika kofi ba ya cuci mai sha."

Sai tsohon ya fashe da dariya har ghutrarsa, mayafin nan da suke ɗorawa a ka, ta zame. "Ashe karamci ne ya kusa ƙone mini yatsu! Yalla, ku koma ku zauna." Da ya hango zoɓo a kan arabiyya ya ce rabonsa da shi tun mahaifiyarsa tana da rai. "Wannan kam cika mini, mai shayi, ba zan tafi ba."

A sunan ɗana na biyu na ɗauki arabiyya da gahawajinta biyu, tun kafin ranar kuma na zauna kusa da Hadiza na tambaye ta komai, har inda zan ajiye takalmina. Na gane cewa abin da ka iya a Fagge sai ka sake tambayar yadda ake yinsa a Jidda.

Baba ya daina kirana "baƙonmu". Yanzu "mai shayinmu" yake cewa. Kuma duk ranar da na je gaishe shi na cika shi da surutu, sai ya ɗauki buta da kansa, ya cika mini finjali fal, ya miƙo mini yana murmushi.