Ranar Da Na Yi Wa Faifan Malam Sutura

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ya faru a farkon zamana a Jega, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tsaya bayan labule da ƙwaryar fura a hannu ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba tukuna. Ni kuwa amarya ce mai ji da kanta: na gama sakandare, ni ke karanta wa matan unguwa takardar magani, kuma a makaranta ba wadda ta kai ni ɗinkin hannu. (Ku riƙe maganar ɗinkin nan, ita ce ta kai ni ta baro.)

Maigidana, wanda nake kira Malam, malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin manoman albasa na Aliero da Jiga Birni. Ba ya wasa da salla, ba ya shan taba, ko goro bai dame shi ba. Cutarsa guda ce, faifan garmaho, shi ma ba kowane ba, sai na kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake kira sol. Direbobin da ke kai albasa Kudu su ke samo masa, shi ya sa duk faifan da ya shigo gidanmu sai ya yi kwanaki yana warin albasa. Zai karɓa da gefen tafin hannu kamar an miƙa masa jariri ranar suna, ya goge da ƙyalle mai laushi, ya jingina shi a kan kanta a falo, fuskar kwalin tana kallon jama'a. In ya haɗa garmahon da batirin mota ya ɗora allura, sai ya lumshe ido, ka rantse wani abu ke masa ciwo.

A gabansa ni mai wa'azi ce. Da ya kunna sai in ɗaure fuska in ce, "Allah shi shirye ka, Malam," in wuce madafi. A madafin kuwa muciya ce ke tona mini asiri, don tuƙin tuwona yakan bi kiɗan ba tare da na sa shi ba. In yi istigfari, kafaɗa ta tsaya, can kuma ta ci gaba.

Akwai faifai ɗaya da ya kama mini zuciya. Murya ce siririya, can sama, tana rawa kamar ta wadda ta gaji da kuka. Da ɗan Turancina na tsinci cewa an tafi an bar ta, tana ta roƙon a dawo. A kan kwalin ga fuska sumul, ido raurau, gashi tuli guda kamar an kifa kwando, riga mai leshi a wuya, da fure a hannu. Nan take na ɗauke ta ƙawa. Ba na ɓoye muku, har cikin addu'ata nake sa ta: Allah ya shiryar da ita, ya ba ta miji mai tausayi, ya raba ta da wannan mugun da ya gudu.

Ashe faifan ƙawar tawa shi ne mafi wuyar samu a duk tarin Malam. Akwai wani Ticha Garba da ke koyarwa a Maiyama, wanda shi ma cutar ta kama har ta fi ta Malam, ya daɗe yana nemansa. Shi kuma Ticha yana da wani faifai da Malam ya taɓa ji sau ɗaya tak yana ɗalibi, tun daga nan bai sake samun sukuni ba. Waƙar faifan nan Malam yake gunguni in yana wanke babur, ita yake gunguni in yana jiran abinci, har ni na haddace ta daga bakinsa. An daɗe ana ja-in-ja kafin su shirya yin musaya, kuma Ticha ya kafa sharaɗi guda: kwali ya zo lafiya lau, ko ƙuda kada ya sauka a kai. Na ji wannan sharaɗi da kunnena. Ina faɗa ne don kada wani ya ce zai kare ni.

Ana haka aka shiga cirar albasa, Malam ya tafi Aliero zai yi kwanaki, sai ga saƙo cewa Inna, mahaifiyarsa, tana tafe daga Alelu. Inna matar malamin allo ce, ba ta san ɗanta yana tara irin waɗannan kaya ba. Na shiga falo na dubi kantar nan da idon Inna, ga hotunan mata jere a jikin kwalaye. Wannan kafaɗa a waje, waccan siket ɗinta bai kai tsawon hannun jariri ba, kuma duk cikinsu ba mai ko zare a ka. Mai hankali zai ce, me ya hana ki zuba su a akwati? To, Malam ya hana a kwantar da su, wai zafi yana lanƙwasa su, kuma buɗe akwatin mutane don ta gyara musu shi ne babban aikin Inna in ta zo gida. Ban da haka ma, tsakani da Allah, tausayinsu na ji. 'Ya'yan mutane ne, an tsayar da su haka a gaban kowa.

Sai na ɗauko jakar ƙyallayen atamfa da almakashi, na jiƙa ƙaro ya yi kauri. Na yanka wa kowacce zane da riga daidai jikinta, na liƙa. Mai gajeren siket na yi mata zane har idon sawu. Ƙawata kuwa ita na fi ɓata wa lokaci: na zaɓo mata shuɗin ƙyalle daga cikin kayan lefena, na naɗa mata ɗankwali mai hawa biyu, na rufe tulin gashin nan ruf, na ƙara mata gyale. Na ja da baya na duba, na ce lallai ba a banza aka tura ni makaranta ba. A raina, in Inna ta koma, ɗan ruwa kawai zan shafa komai ya ɓamɓaru.

Inna ta iso, ta huta, ta ɗauki tsintsiya ta nufi falo kamar yadda na zata. Ta daɗe a gaban kanta.

"Waɗanga hwa, ɗiyan wa ne?"

"Mutanen ƙasar waje ne, Inna. Malam ka sauraren muryarsu."

"Karatu sukai?"

"Wani iri dai," na ce. (Allah ya yafe mini wannan amsa.)

Ta ɗauki ƙawata ta kai kusa da ido. "Wagga kam da ganinta ta yi hankali. Dubi yadda ta sunkuyar da kai. Da kusa take da na nema ma Hamidu." Hamidu ƙanin Malam ne, ya ƙi aure, ya hana Inna barci. Na ji daɗi har cikin raina, kamar ni na haifi yarinyar.

Ranar Asabar bayan azahar sai ga ƙarar babur. Malam ne, ya biya ta Maiyama ya ɗauko Ticha Garba, wanda ya rungumo faifansa a ƙirji naɗe cikin tawul. Malam ya leƙa ya gaida Inna a gurguje, suka shige falo. Na dama fura na nufo su, ina isa bakin labule na ji shiru. Irin shirun da ake yi in an fasa tulu a gidan suruki.

"Amarya," in ji Malam, a hankali. "Mi ya samu mutanena?"

"Sutura ce, Malam. Inna ta zo."

Ta gefen labule ina hango Ticha yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunsa suna rawa, yana cije leɓe. "Wagga har da zanen goyo, ko dai idona ne? Kai, amaryarmu, hannunki na da kyau." Sai ya iso kan wanda ya zo dominsa. Ya tsaya. "To wanga hwa, mi ya yi maki?"

A nan ne ya kamata in yi shiru. Amma an taɓo ƙawata, sai na gyara murya na shiga kare ta. Na ce ai duk cikinsu ita ta fi ban tausayi, mijinta ya gudu ya bar ta, tun farkon faifai har ƙarshe roƙonsa take ya dawo, a waƙa ta uku ma har muryarta ke sarƙewa. Na ce ko ba komai ɗiyar mutane ce, bai kyautu ta zauna gaban maza kai buɗe ba.

Malam ya juyo ya dubi labulen. "Waƙa ta ukku? Ke da kinka ce ba ki saurare?"

Nan take Ticha ya juya bayan kwalin, ya miƙo shi saitin labule. Ban taɓa juya shi ba, ni mai karanta wa unguwa takardar magani. Ga wani ɗan ƙaramin hoto a ƙasa: fuskar nan dai, gashin nan dai, amma a tsaye, cikin wando mai faɗin ƙafa, riga a buɗe, ƙirji duk gashi, ya dafa wata mata da yara.

"Amaryarmu," in ji Ticha, hawaye na zubo masa, "ƙawarki namiji ce."

Ban san yadda ƙwaryar furar ta kai ƙasa lafiya ba. Duk addu'o'in nan na miji mai tausayi suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce in kawo ruwa a kofi. Ya tsoma yatsa ya shafa gefen ɗankwalin, ya jira, ya kama bakin ƙyallen ya ja a hankali. Ƙaron Jega ba ya sakin abin da ya kama. Ɗankwali ya taso, gashin ya biyo shi gaba ɗaya, aka bar bawan Allah da farin kai fes kamar wanda aka yi wa aski ranar suna, ga gyale a kafaɗa, ga fure a hannu.

A nan dariyar Ticha ta tsaya. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam, ka san sharaɗinmu." Malam ya ce ya sani. Sai Ticha ya kwance tawul ya ce tunda ya ɗauko shi tun daga Maiyama, bari a ji shi sau ɗaya. Aka ɗora allura. Malam ya lumshe ido bai motsa ba har aka gama, ni kuma ina tsugune bayan labule ina share hawaye, don na san abin da na jawo masa. (A cikin kukan ne kuma na gane cewa duk shekarun nan ba daidai yake gungunin waƙar ba, ko kusa.) Ticha ya naɗe kayansa, ya sha fura, ya yaba, aka mayar da shi Maiyama.

Inna tana kan tabarma da carbi, ta ce dariyar me ake yi a falo. Na durƙusa na gaya mata gaskiya duka. Ta ja carbi ya kai biyar.

"Namiji? Da wagga murya?"

"Namiji, Inna. Har da ɗiya."

"To," ta ce, "Allah ya ruhe asiri da ba mu kai goro ba."

Malam bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, abin da ya fi faɗan zafi. Sai bayan Inna ta koma, wata rana da la'asar, na ji ya ɗora faifan ya ƙara murya, ya leƙo madafi ya ce, "Aje muciyar nan, zo ki gaida ƙawarki." Na je na zauna a bakin ƙofa, daga baya na matsa ciki. Faifan Ticha kuwa bai sake shigowa gidanmu ba. Har yau Malam yana gungunin waƙar a karkace, ni kuma ban taɓa gyara masa ba, don ba ni da bakin gyara a wannan fanni. Wanda aka yi wa askin yana nan a kan kanta da gyalensa, yaranmu sun taso suna kiransa Gwaggo.

Abin da na koya shi ne, tausayi abu ne mai kyau, amma kafin ka yanka wa mutum ɗankwali, ka daure ka juya bayan kwalin.