Yadda Za Ka Je Gaisuwar Surukai Gumi Bai Tona Maka Asiri Ba

Kai da gumi ke yi wa wanka ba ka roƙa ba, matso kusa. Ni ne Sulle Wanzami na bakin kasuwar Karaye. Shekara ashirin ina riƙe da ƙeyar mutane, na san gumi kamar yunwar cikina. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka shiga zauren surukai a bushe ƙayau, ka fito da mata.

Shaidata Halliru na Kafin Dafga, wanda na ɗora a wannan hanya cikin bazarar 1988. Manomin gyaɗa ne, mutumin kirki, sai dai in kun gaisa ka nemi tsumma. Ya daidaita da Barira, wata bazawara mai sayen gyaɗarsa tana yin mai da ƙuli a Rogo Ruma. Saura baffanta, Malam Ɗanmaliki, tsohon magatakardan dagaci, wanda ya daɗe yana cewa duk mai gumi a zaune maƙaryaci ne.

Mataki na ɗaya: San maƙiyanka

Su huɗu ne: yaji, shayi, rana da faɗuwar gaba. Guji ukun farko kwana uku. Halliru ya yi haka, sai fura kawai yake sha har ya fara ganin mutane bibbiyu. Na huɗun kuwa ba ni da maganinsa, ni ma ina fama.

Mataki na biyu: Toshe ƙofofi

Jiƙa alif, wannan farin dutsen da ake tace ruwa da shi, matsa lemun tsami, shafe hammata, sannan ka bi da hoda. In babu hoda, kada ka tsaya jinkiri, ɗebi garin rogo. Halliru ya tambaye ni, "Sulle, anya kuwa?" Na ce masa fari fari ne, gumi bai yi makaranta ba balle ya bambance. Ya zuba tafi biyu a kowane ɓangare, ya ƙara ɗaya a bayan wuya.

Mataki na uku: Sa riga mai duhu

Farar riga munafuka ce, da ta jiƙe za ta faɗa wa duniya. Halliru ya ari babbar rigar yayansa Hammawa, rinin baba, sabuwa ƙal, ko wanki ba ta taɓa gani ba. Masu hikima sun ce abin da ido bai gani ba, suruki bai sani ba. In ba su faɗa ba, to ni na faɗa.

Mataki na huɗu: Kada ka hau keke

Shiga a-kori-kura, zauna inda iska take. In motar ta mutu a hanya, rufe ido ka yi kamar kana barci. Nan Halliru ya saɓa mini. Motarsu ta mutu ana tsakar rana, direba ya ce a taimaka, cikin motar duk tsofaffi da mata masu goyo. Ya naɗe hannun riga ya sauka, ya tura ta shi kaɗai har ta tashi. Kirki ma cuta ce, ka kiyaye.

Mataki na biyar: Kada ka karɓi komai mai tururi

Ya isa zaure ya durƙusa. "Allah ya gafarta Malam, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mutanen Kafin Dafga? Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne," in ji Halliru, yana matse hannaye a jiki kamar kazar da aka ɗaure.

Sai ga kwanon kunun tsamiya daga cikin gida, yana tururi, citta na tashi. Malam ya tura masa da kansa. "Sha, ɗana. Barira ce ta dama."

To, wa zai ƙi? Ludayi uku ya yi. Na farko ya buɗe goshi. Na biyu ya saki baya. A na uku rinin ya tashi, wani shuɗin ruwa ya gangaro daga wuyansa ya bi yatsu, ɗis, ɗis, a kan farin buzun Malam. Halliru ya ɗaga hannu zai share fuska, sai wani dunƙulen ƙullu ya suɓuto daga hannun riga ya faɗi tim a gaban tsohon.

Malam ya sa sandarsa ya juya dunƙulen.

"Halliru, me kake ɓoyewa?"

Mataki na shida: Musanta komai

Ka ce daga rufi ya faɗo. Wannan ita ce shawarata, kuma har gobe ina kanta. Amma Halliru, da ya ga Barira na shirin kuɓuce masa, sai ya sunkuyar da shuɗiyar fuskarsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gumi nake ɓoyewa. Tun ina yaro haka nake. Wannan garin rogo ne, rigar ta yayana ce, dabarar kuma ta wani wanzami ce."

Malam ya dube shi, ya dubi buzu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce shekara talatin yana zaman shari'a a fadar dagaci bai taɓa ganin wanda ya zo da tuwonsa a hammata ba.

Daga bayan zana aka ji muryar Barira: "Baffa, ni da nake yini a bakin kasko, gumi ne zai kore ni?"

"Kin ji na tambaye ki?" in ji tsohon, yana share hawaye. Ya juya ga Halliru. "Ka turo magabatanka bayan Juma'a. Kafin nan ka je asibiti likita ya duba ka, ka bar biye wa masu aska."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ni ba a gayyace ni ba.

A kula

Duk wanda ya bi matakan nan ya koma shuɗi, ko ya ɓata buzun suruki, ko yayansa ya daina yi masa magana, shi ya jiyo. Ban san shi ba, ban taɓa yi masa aski ba. In kuwa an ba ka matar, ka tuna wanda ya sa ka a hanya, ka aiko da goro.