Gaisuwar Suruki a Bakin Fadama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya je ganin fadamar da na tsara ba. Ko na so mantawa, matata ba za ta bari ba.

Aikina a Manchester lissafin ruwa ne. Idan kamfani ya cike fadama ya gina gidaje, dole ya yi wata a madadinta. To ni ne mai auna ruwan da zai shigo, da wanda ƙasa za ta shanye, da wanda rana za ta busar. Surukina Alhaji tsohon likita ne a unguwar Handsworth ta Birmingham, kuma ya daɗe yana tambayar 'yarsa wai shi mijin nan nata me yake yi ne takamaimai. Abin yana ci mini rai. Da aka gama fadamata ta farko a bayan garin Birmingham, na ce gani ya kori ji.

Na ci farar shadda, na riga shi zuwa, na tsaya kan wani ɗan tudu mai ciyawa. A lissafina, da bazara wurin nan a bushe yake ƙayau. Inda na kwafsa shi ne, na ba ranar Ingila amanar da ake ba ranar Kano (ita kuwa ko wanki ba ta iya busarwa).

Alhaji ya iso tare da matata da 'yarmu, ya tsaya kan gadar katakon da aka yi wa masu yawo. Na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba."

"Yauwa. Ya aiki? Ya mutanen Kano? Jikin Hajiyarka da sauƙi?"

Tun a "ya aiki" na ji sanyin ruwa a gwiwa. Amma wa ya isa ya miƙe suruki bai gama gaisuwa ba? Ina cewa lafiya lau, laka tana ja na. Sai kuma Alhaji ya ɗaga hannu ya shiga yi wa aikin addu'a (shi fa ba ya gajerar addu'a). Ina amin, ina nutsewa.

Can 'yata Iman ta ƙwala murya: "Mummy, Daddy's getting shorter!"

Wai ina ƙara gajarta. Matata ta cusa mayafi a baki. Alhaji ya shafa addu'a, ya leƙo ni, laka ta kai mini cinya.

"Injiniya, wannan ma cikin tsarin yake?"

"E, Baba, ɗan testing nake yi," in ji ni, don kunya ta gama rikita ni.

Da sandarsa ya jawo ni. Na koma gida zaune kan leda a mota, kafaɗun matata sai rawa suke don dariya.

Yanzu Alhaji ya daina tambayar aikina, shi ke ba da labarinsa a kowane taron suna. Lissafin dai na gyara. Amma duk inda zan durƙusa masa, sai na fara danna wurin da ƙafa, ko da a falonsa ne.