Shayin da Na Kai wa Amurkawa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na hau dandamalin makarantar 'yata ba, ba tare da kowa ya gayyace ni ba. Da ana goge rana daga rayuwar mutum, da ita zan fara gogewa.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Muna zaune a Dagenham, ina aiki a kicin ɗin wani kamfanin motoci, ni ne mai dafa wa ma'aikata shayi. Karatuna a firamare ya tsaya, amma a kan shayi ko Bature bai isa ya ja da ni ba. 'Yata Ummi (sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiran ta haka) tana ajin ƙarshe na firamare, kuma ita kaɗai ce baƙar fata a ajin. A nan London aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, sai dai in ka yi mata magana da Turanci za ta mayar maka.

Wata rana ta dawo ta ce ajinsu zai yi wasan kwaikwayo a kan yadda Amurka ta rabu da mulkin Ingila, an ma ba ta magana mai muhimmanci. Sunan wasan, in ji ta, Boston Tea Party. Malamarsu ta ce tunda babanta a wurin shayi yake aiki, ya taimaka musu da kwalayen shayi waɗanda babu komai a ciki.

Ina jin sunan na ce na gane. Ai ina ɗan makaranta a Katsina muka samu 'yancin kai. Malaminmu ya faɗa mana manyanmu London suka je, suka zauna da Turawa a tebur, aka yi ta muhawara har aka sa rana, aka sauke tuta aka ɗaga wata. To me ake sha a teburin Turawa in ban da shayi? Ashe Amurkawa ma haka suka yi, har suka sa wa zaman nasu suna walimar shayi.

Ummi ta fara cewa, "Baba, ba shan shayin aka yi ba..."

Na katse ta. "Ummi, ni za ki koya wa 'yancin kai? Da idona na ga an sauke tutar mutanen nan."

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin. "Malam, ka bar yarinyar nan ta ƙarasa mana. Kwalin banza ta ce."

"Mu ne za mu kai kwalin banza gaban Turawa? Gobe a ce iyayen baƙar yarinyar nan ko ganyen shayi ba su da shi?"

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta koma. (Duk mai aure ya san ma'anar wannan addu'ar.)

Na ɗaura ɗamara. Na sayi ganye mai kyau, na daka citta da kanumfari da masoro na gauraya, irin haɗin da ko a gida sai babban mai shayi. Na zuba a jakunkunan takarda, na cika kwalayen, na liƙe bakinsu. Na ari babbar tukunyar shayi a wurin aiki. Ummi ta sake gwada yi mini bayani, na ce ta je ta haddace maganarta, na manya ta bar wa manya. Abin da na ƙudura shi ne, daga ranar nan babu yaron da zai ƙara kallon 'yata a raine.

Ranar wasan daga aiki na wuce, da farar rigar kicin a jikina da hulata zanna. Na iso ana shirin farawa. Malamar ta karɓi kwalayen a gurguje, ta jera su a kan wasu tebura da aka haɗa aka yi musu siffar jirgin ruwa, an shimfiɗa shuɗin ƙyalle a ƙasa, wai shi ne teku. Ni kuwa na kafa tukunyata a bayan zauren ina jera kofuna, ina jiran lokacin da za a zauna a tebur a kira ni.

Wani yaro ya fito yana ba da labari. Da na saurare shi da na tsira, amma hankalina yana kan madara. Ban ɗago ba sai da na ji tim. Kwalina na farko ne a ƙasa, ya fashe. Yara sun hau jirgin, suna ɗaukar shayina suna jifa da shi. Na biyu ya bi. Garin citta da masoro ya tashi, iyayen layin gaba suka kama atishawa.

Ban san lokacin da na ratsa mutane na hau dandamalin ba. Na rungume kwali na uku, na ce da Turancina na kicin, "Stop it. This one is good tea."

Zauren ya ɗauki dariya da tafi. Sun ɗauka cikin wasan nake, wai ni ne wakilin Sarkin Ingila. Wani tsoho ma ya ɗaga murya ya ce in riƙe da kyau, dukiyar Sarki ce. Ni kuma (Allah ya yafe mini) na ɗan rusuna na gode masa.

Sai na ga Ummi a gabana. Idanunta sun yi ja, har yau ban sani ba ko masoro ne. Lokacin maganarta ne ya yi. Ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta faɗe ta da ƙarfi, da Turanci, cewa ba za su biya harajin da aka ɗora musu ba tunda ba a taɓa jin ta bakinsu ba. Sannan ta rage murya, ta ce da Hausa, "Baba, ka sauka." Ta zare kwalin daga hannuna ta wurga shi cikin teku.

Ni na share zauren bayan an tashi. Shayin da na dafa kuwa babu wanda ya sha, don makogwaron kowa ya riga ya ƙoshi da yaji.

Abin bai tsaya a dariya ba. Yara suka laƙa wa Ummi sunan 'yar mai shayi, har ta gama makarantar ba su daina ba. Ta daɗe tana gaishe ni kanta a ƙasa. Abin da na je hanawa, ni na kawo shi da hannuna.

Na ce ba zan bar maganar haka ba. Wata Asabar na same ta na zauna a ƙasa, na ce, "Malama Ummi, ɗalibinki ya zo. Ki fara daga farko, ba zan katse ki ba."

Ta ɗan harare ni, sannan ta fara. Amurkawan nan, in ji ta, yawancinsu daga Ingila kakanninsu suka ƙaura. Majalisar London ta riƙa ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Sun yi ta kai kuka ba a kula su ba, shi ne mutanen Boston suka hau jiragen shayi suka zubar da shi a ruwa. Ingila ta rufe musu tashar jirage don horo, rikici ya zama yaƙi, suka shelanta cewa sun ɓalle. Shekaru aka yi ana gwabzawa, Faransa ta shigar musu, kafin Ingila ta haƙura ta sa hannu.

Na ce, "Ashe ba ba su aka yi ba, ƙwata suka yi."

Ta ce, "Tun ranar farko nake son faɗa maka."

Yanzu Ummi tana da nata 'ya'yan, kuma ta yafe mini, ko da yake ba ta barina in je wasan makarantarsu sai da rakiyar uwarta.

Roƙona gare ku, musamman iyaye maza irina, idan yaro ya ce ku tsaya ku ji, ku tsaya ɗin, ko da kuna ganin kun riga shi sani. Shi Sarkin Ingila da ya ƙi sauraron mutanensa yana da uzuri, teku ne a tsakaninsu. Ni faɗin tabarma ne kawai tsakanina da 'yata.