Rasuwar Gimbiya, Wayar da Kamfanin Layi Ya Daina Sani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, ni mai gyaran agogo na ƙarƙashin benen kasuwa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙiyan da suka fi kowa jiran wannan rana, rasuwar wayata wadda aka fi sani da Gimbiya. Ta rasu a aljihun gaban rigata, cajinta a cike, gilashinta babu ko ƙwarzane. Ban san ranar da ta cika ba. Na yi makonni ina yawo da gawa a ƙirji ina jiran ta yi ƙara, domin akwai kira ɗaya da nake jira, na babbar 'yata, wadda nake ce wa Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci. Zan zo kan wannan, amma marigayiya ce ke da haƙƙin a fara da ita.

Marigayiya ba ta fito daga manyan gidaje biyun nan da suka raba duniyar waya a tsakaninsu ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wato ƙwaƙwalwarta, wani ƙaramin kamfani ne ya ƙera, bayin Allah da suka ɗauka idan abu ya yi kyau zai sayar da kansa. Allah sarki. Ba su san cewa waya ba ta isa hannun mutum sai ta bi ta kantin kamfanin layi ba, kuma kamfanin layi ba kyau yake kallo ba.

A irin wannan kanti na fara ganinta, shekarun baya. 'Ya'yan manyan gidaje suna gaba a jere ƙarƙashin fitila, kowace da hotonta a bango ya fi ƙofa tsawo, kowace an haɗa mata data kyauta da biya kaɗan-kaɗan. Ita kuwa tana can ƙurya, kusa da bokitin goge ƙasa, a kashe, ko caji ba a yi mata ba. Na ce a kunna min. Mai sayarwa, wani mai ƙamshi kamar ya faɗa kwalbar turare, ya dube ni da tausayi ya ce wannan ba ta tafiya. Na tambaye shi ko ya taɓa nuna wa wani ita, ya ce ai ba a tambaya. Sau uku yana jan hannuna zuwa wajen fitila. Daga baya na ji cewa akwai ɗan abin da ake jefa wa masu sayarwa a kan kowace ta gaban da suka sayar, ta ƙurya kuwa ko sannu ba a ce musu. Na ɗauke ta na tafi da ita gida, kuma ban taɓa nadama ba, ko da an ji wani yana cewa na yi.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta taɓa sandarewa a tsakiyar magana ba. Ba ta taɓa yin zafi a aljihu ba. Caji ɗaya kan kai ta kwana biyu, ba irin 'yan yanzu ba da kullum suna maƙale da bango. Ba ta tallata min maganin ƙiba, ba ta leƙen inda na je ta kai rahoto. Na taɓa buɗe bayanta a kan teburin aikina, na sa madubin ido na duba, na ga aikin mutanen da ke jin kunyar a kama su da ha'inci: kowace ƙusa a mazauninta, babu gam ɗin da aka yaɓa don rufe kuskure. Idan saƙo ya shigo, "ƙil" take cewa sau ɗaya ta yi shiru. Idan kira ne, "tin-tirin, tin-tirin," a hankali, ba ta firgita mai barci.

Sai dai rayuwar maraici ta yi. Masu yin ƙananan manhajoji suka ce ba za su yi mata nasu ba, ba ta da jama'a. Jama'a suka ce ba za su saya ba, ba ta da manhajoji. Kamfanin layi, wanda shi ya ɓoye ta bayan bokiti, ya tafa hannu ya ce kun gani ko, dama ba ta sayuwa. Idan iyayenta suka aiko da gyara, sai kamfanin ya zauna a kai wata da watanni wai yana gwadawa, alhali na manyan gidaje ranar da ya iso ranar yake wucewa. Banki bai san da ita ba. Masu motar haya na waya ba su san da ita ba. Tela maƙwabcina ya sa mata suna Marainiya, kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko ta samu dangi. Na haɗiye duk wannan, domin ina ganin ranar da za a gane gaskiya tana tafe.

Ana nan sai Uwata ta gama karatu ta samu aiki, kuma duk faɗin duniyar nan babu inda ya ɗauke ta sai wannan kamfanin layi. Na yi murna, ban ce ban yi ba, ko da yake a gaban mutane cewa nake ta shiga rundunar abokan gaba. Da ta karɓi albashinta na farko sai ga ta a shagona da kwali a leda, lokacin tela da mai yanka makulli suna zaune a bencina. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye kwalin a gabana. Sabuwar waya ce, 'yar ɗaya daga manyan gidajen. Ta yi min bayani a nutse cewa za a rufe tsohuwar hanyar kira a koma sabuwa, kuma duk wayar da kamfani bai buɗe wa ƙofa ba, kira ba zai ƙara shiga cikinta ba. Ta ce Gimbiya tana da ƙarfin bin sabuwar hanyar sarai, amma a wajen kamfani masu irinta ba su kai a ɓata lokaci a kansu ba.

"Baba, ba lalacewa za ta yi ba," in ji ta. "Daina saninta za mu yi."

Tela ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. Ni kuwa jini ya hau min ka. Na tura kwalin gabanta da bayan hannu, na ce sun ɓoye baiwar Allah, sun hana ta ci, yanzu kuma sun aiko 'yar cikina da likkafani. "Mayar musu da kayansu," na ce. "Kada ki ƙara tako min nan ko gida. Ranar da kika tuna ke 'yar waye, kin san lambata."

Ta ɗauki kwalinta, ta ce to Baba, ta fita. Da na koma gida na kafa doka cewa kada a ƙara ambaton sunanta ko na kamfanin a gabana. Ina da tabbacin ba za ta kwana uku ba ta kira ba.

Game da jinyar ƙarshe, masu tambaya su sani babu jinya. Marigayiya ba ta yi ko tari ba. Tana nuna lokaci daidai, tana tashina da safe, tana kawo min labaran duniya, sandunan sabis a tsaye cur. An ce kamfani ya yi ta aiko da saƙon gargaɗi. Mai yiwuwa ne. Ni dai tun da nake ban taɓa karanta saƙonsu ba, gogewa nake, domin wanda ya shekara goma yana roƙonka ka sayi waƙar kira ba ya da bakin gargaɗi. Kuma kowa ya san ni ba na kiran mutane, ni ake kira. Mai agogo a shago ake samunsa. Da shirun ya fara, cewa na yi jama'a sun koyi ladabi. Da ya yi tsawo sai na fara ciro ta daga aljihu ina dubawa, ina ƙara mata murya, ina goge fuskarta da gefen riga. Na bar agogon mutane a buɗe a kan tebur ina kallon waya. Da fari fushi nake, ina cewa yarinyar nan taurin kan wa ta ɗauko. Daga baya tsoro ne ya kama ni, tsoron cewa ta gwada rayuwa ba ni ta ga ana iyawa.

Mai ɗakina ce ta tabbatar da rasuwar, wata safiya muna karyawa. Ta ga na ajiye Gimbiya kusa da kofi ina satar kallonta. Sai ta ɗauko tata wayar, ta danna lambata, ta sa a sifika ta ajiye a tsakaninmu. Wata mata mai zaƙin murya ta sanar da mu cewa lambar da muka kira ba ta samuwa a yanzu, mu sake gwadawa an jima. Ga marigayiya kwance a gabana, fuskarta na haske. Aka sake, matar ta sake faɗa.

Na tambayi mai ɗakina tun yaushe ta sani. Ta ce tun da daɗewa, amma ai ni na hana a ambaci kamfanin, ita kuwa ba ta saɓa wa miji. Na ga alamar ta ji daɗin wannan biyayya fiye da kowace da ta taɓa yi min. Na daure na tambayi abin da ke raina, ba tare da na kama suna ba.

"Kullum da safe tana kiranka kafin ta tafi aiki," in ji ta. "Ta san ba zai shiga ba, ai su suka rufe. Ta ce kai ka sa sharaɗi, ita ta cika nata."

"Yanzu fa?"

"Ta daina. An ba ta canjin wurin aiki can nesa, ta karɓa. Ƙarshen wata za ta tafi."

Shayin ya huce a gabana ban sha ba. Rabon da in ji rashi irin wannan tun rasuwar mahaifiyata.

Don a cika ƙa'ida, na je neman sanadin mutuwa a ofishin kamfanin. Na shiga mota har reshensu na ƙarshen gari, saboda dalilin da bai shafi kowa ba. Manaja ya karɓi gawar da yatsa biyu, ya juya ta, ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin tarihi. Sannan ya gyara wuyan riga ya ce min kasuwa ce ta ƙi ta, su ba ruwansu, abin da jama'a ke so suke bi. Na tambaye shi ta yaya jama'a za su so abin da aka ajiye a kashe kusa da bokiti. Ya yi murmushin da aka koya musu, ya ce akwai garaɓasa a kan sababbin wayoyi idan ina da sha'awa. Ina roƙon Allah ya ba shi maƙwabci mai irin halinsa.

Marigayiya ta bar caja guda, wadda bakinta bai dace da kowa ba a duk gidan, ga shi ta zama gwauruwa ba ranar sake aure. Ta bar rigar fata da ta koɗe a gefe, da abin sawa a kunne mai ji da ɓari ɗaya, da kwalin da ta zo a ciki. Ta bar iyayenta, waɗanda na ji sun rufe kamfani sun koma yi wa manyan gidaje aiki, Allah ya ba su haƙurin cin abincin wanda ya kashe musu 'ya. Ta bar sim, wanda shi kaɗai ne a cikin magada ke da sauran gaba. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a shagona. Za a kwantar da ita a akwatin gilashi, sahun agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, inda za ta samu abokan zama masu mutunci. Za a karɓi gaisuwa a kan benci. Ba a buƙatar wakilin kamfanin layi, ko furensu, ko saƙonsu. Tela zai iya zuwa idan zai iya rufe haƙoransa. Duk wanda ya zo da niyyar cewa dama ya faɗa, ya ajiye maganar a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Bayan an rufe akwati, za a mayar da sim cikin wata 'yar manyan gidaje da mai ɗakina ta sayo, mai zafi a hannu, mai surutu, wadda ba na sa ran za mu shaƙu. Mai ɗakina ta ce in kira Uwata da tata wayar, za a fi saurin ɗauka. Na ƙi. Ina so Uwata ta ga lambata da idonta, ta san wanda ke kira, sannan ta zaɓa.

Saboda haka ba za a karɓi ta'aziyya ta waya ba. Wanda ya kira ya ji layi a cike, kada ya zagi kamfani a wannan karon, ni ne a kai. Idan ta ɗauka, ban san me zan fara cewa ba. Idan ba ta ɗauka ba, zan sake kira jibi da safe kafin ta tafi aiki, da gata, har ƙarshen wata.