Rasuwar Ta Lungu, Kwamfutar da Ba a Kashewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu kanta saboda riƙon biro, ɗalibar nan da duk laburaren jami'a ya sani da laƙabin Babi Biyu tana sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar Ta Lungu, tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar ɗakin mujallu, bayan gajeriyar jinya a ɗaki kulle.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma taɓa da'awar kyau ba. Jikinta ya koma ruwan ƙasa, haruffan maɓallanta sun goge, linzaminta sai an lallaɓa. Amma a duk ɗakin ita kaɗai ke buɗe mujallun ƙasashen waje. Sauran kwamfutocin, masu sheƙi da ƙuruciya, su nuna maka kan maƙala da 'yan layuka, sannan su rufe maka ƙofa. Ta Lungu kuwa ta ba ka har shafin ƙarshe, ba ta yi maka gori ba.

Lalurarta ba ɓoyayya ba ce. Wani tsohon ma'aikaci ne ya sa mata kalmar sirri tun shekarun baya, ya yi ritaya ya tafi da kalmar a kansa. In aka kashe ta sau ɗaya, ba mai iya sake buɗe ta. Sai aka manna mata takarda a goshi, KADA A KASHE, aka haɗa ta da akwatin batir. Da an ɗauke wuta akwatin ya fara "tii... tii... tii...", sai ka ga masu neman digiri na uku, da furfura da tumbi, sun ajiye girma sun ruga bayan gini tayar da janareta. Babi Biyu ma ta taɓa yin wannan gudun da tsohon ciki, takalmi a hannu.

An shaidi marigayiya da kamun kai. An toshe kafofinta da gam don kada wani ya soka mata filash ya shafa mata cuta. Ba ta da firinta. Waya kuma a bakin ƙofa ake barinta tare da jaka. Mai son iliminta sai ya zauna gabanta da takarda da biro. An kuma shaide ta da riƙon amana, don dokar lungun ita ce ba a rufe shafin wani. Ka bar maƙalarka a buɗe ka tafi, ka dawo bayan mako ka same ta inda ka bar ta.

Wannan amanar ce ta ci Babi Biyu. Malamar firamare ce, uwar yara, sai da la'asar take samun zuwa. Ta yi shekaru tana kai babi na biyu na kundinta, malamin da ke duba aikin yana maido mata, har sunan ya bi ta. Bana jami'a ta ce wa'adinta ya cika: ranar Juma'a, ko kundi ko sallama. Ana cikin haka Ta Lungu ta tono mata wata maƙala kan koyar da karatu a aji mai cunkoso, wadda ta dace da aikinta kamar an auna an ɗinka. Ta zauna ta taƙaita ta da nata kalmomin, yadda aka hore ta, ta gina babin a kai. Malamin ya karanta, ya gyaɗa kai a karon farko, sannan ya ce, "Wa ya rubuta? Wace mujalla, wace shekara? In babu, Malama, sunan wannan sata, kuma ba zan sa hannu ba."

Ba ta rubuta ba. Me zai sa ta rubuta? Ai shafin yana nan a buɗe.

Ashe a ranar ake shirin tarbar baƙi masu tantance jami'o'i. Shugaban laburare ya sa a yi wa ɗakin fenti. Ya ga takardar goshin ta yi dauɗa, ya ce abin kunya ce a gaban baƙi, aka ɓare ta. Masu fenti, bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka zare waya daga soket don su ja tebur su shafe bango. Aka kulle ɗakin fenti ya bushe. Shugaba ya jefa makulli a aljihu ya tafi filin jirgi tarbo baƙi.

Tun daga matattakala Babi Biyu ta jiyo kukan akwatin batir. Ta ruga ta tayar da janareta, ta dawo tana haki, kukan na nan. Ta leƙa ta taga, sai ga wayar yashe a ƙasa, dab da soket. Ta girgiza ƙofa. Ta kira shugaba, wayarsa a kashe. Ta kamo maigadi, ya ce, "Wallahi, Hajiya, ni ƙofar waje aka ba ni." Ta yi ƙoƙarin hango sunan marubucin, amma an juya fuskar marigayiya tana kallon bango. Ta zura hannu tsakanin ƙarafan taga har kafaɗarta ta goge, fenti ya ɓata mayafinta. Kukan ya ƙara sauri, "ti-ti-ti-ti", sai wani dogon "tiiiii". Daga nan ba a sake jin komai ba.

An yi iya ƙoƙari. An je gidan tsohon ma'aikacin, ya yi dogon tunani ya ce, "Ina jin sunan wani jikana ne. Ko kuwa na kyanwata ta lokacin?" An gwada jikokin kaf, da kyanwar. Babi Biyu ta nemi maƙalar a sauran kwamfutoci, suka zubo mata dubbai, duk kamarsu ɗaya. Baƙi dai sun yaba da fentin ƙwarai.

Marigayiya ta rasu ta bar akwatin batir, wanda ya yi kuka iya ƙarfinsa, da linzami, da janaretan da yanzu ba mai yi masa gudu. Ta bar ɗalibai masu yawa da shafukansu suka bi ta. Ta bar Babi Biyu, wadda mijinta ya riga ya shaida wa dangi kaf cewa bana an gama, kuma har yau ta kasa buɗe baki ta gaya masa.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a da hantsi, daga ɗakin mujallu zuwa siton da ke ƙarƙashin matattakala, inda za a kwantar da ita kusa da akwatunan katin neman littafi da suka riga ta. Babi Biyu za ta zauna karɓar gaisuwa a kujerar lungu har a rufe ofishin karɓar kundi. Ba ta buƙatar a kawo mata komai. Sai dai in akwai wanda ya taɓa leƙa shafinta, mai jadawali shuɗi a tsakiya, ya tuna ko da rabin sunan marubucin, don Allah ya zo da wuri.

Allah ya ba da haƙurin rashi. Wanda kuka ya ci ƙarfinsa ya yi shi a hankali, yadda ita ma take yi, don nan laburare ne.