Rasuwar Gwaggo, Firintar da Ba Ta Taɓa Tona Asiri Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yanzu bai bushe ba, marubuciyar takardun neman kwangila da ke ɗakin sama, wadda maƙwabta ke kira Uwar Takarda, tana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar firintarta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara a bakin aiki, saura awa biyu a rufe akwatin karɓar takardu.

Marigayiyar ba ta da wani kyau na a zo a gani. Da salatif aka ɗaure murfinta. In aka kunna ta sai ta yi gyaran murya, "ƙirrr, ƙaƙas, ƙaƙas," kamar tsohuwar da aka katse wa barcin rana. Amma tana da zurfin ciki. Duk ɗan wannan sana'a ya san shafin farashi ba ya shan iska: ambulan ɗinsa daban, ba a kai shi shagon bakin titi, ba a ajiye shi a kwamfutar kowa. Farashin mutane da dama ya bi ta cikin Gwaggo, ko bango bai ji ba. Albarkacinta ne ake hawo matakalar nan.

Ciwon ya fara da zane-zanen baƙi a gefen takarda, daga baya ta koma haɗiye takardu biyu-biyu. Mai gyara ya ce a hutar da ita. Uwar Takarda ta shafa murfinta, ta roƙe ta aiki ɗaya tak: na wani dattijon kafinta mai ma'aikata bakwai, da ke neman kwangilar kujerun wata makaranta. Asali ɗaya, kwafi uku. A shafi na talatin da takwas Gwaggo ta ce "tsss," jar fitila ta kama, shi ke nan.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Uwar Takarda ta sauka da gudu zuwa shagon buga takardu, ta buga sauran, har da farashin. Ta manne ambulan, ta fice, hankalinta duk yana kan agogo. Ba ta goge komai daga kwamfutar shagon ba. Mutumin da ke bayanta a layi, wanda har ya taya ta tsince takardar da ta faɗi, marubucin wani kamfani ne, shi ma akwatin nan zai je.

Da aka buɗe ambulan a gaban jama'a, farashin mutumin nan ya gaza na kafinta da abin da bai kai kuɗin ƙusa ba, kwangila ta tafi can. Dattijon ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Har yanzu yana zargin ɗaya daga cikin ma'aikatansa da tona farashin, kuma wadda ta san gaskiya kwana uku ke nan ta kasa ɗaga wayarsa.

Gwaggo ta bar kwalbar tawada ɗaya da ba a fasa ba, da abin huda takarda, da wata sitefula mai karyayyen haƙori, da uwar ɗaki wadda abinci ya daina yi mata ɗanɗano.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a shagon mai gyara. A gaban idon uwar ɗakinta za a buɗe ta, don akwai rabin shafi da ya maƙale mata a maƙogwaro, kuma ba a yarda kowa ya karanta shi ba. Ana roƙon masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su dakata a waje sai an kira su.

Ba za a yi zaman makoki ba. Daga can Uwar Takarda za ta wuce rumfar kafinta a ƙafa, ita kaɗai, kafin a sallami ma'aikacin da bai ci ba, bai sha ba. Mai addu'a ya yi mata, Allah Ya sa bakinta ya buɗe.